Allon Tagullar Kawu Darakta

A kusurwar hagu ta allon tagullar da ke gaban motar Kawu, can ƙasa, akwai wani ɗigon baƙin mai da ke taruwa kullum. Bai fi ƙwayar shinkafa ba. Baba Direba yakan goge shi da safe, kafin rana ta take ya dawo. Ban ga laifin waɗanda ba su lura da shi ba. Duk wanda ya tsaya gaban wannan allo rubutun yake karantawa, rubutun kuwa yana da tsawon da kafin mutum ya kai ƙarshensa ya manta abin da ya kawo shi: MATAIMAKIN BABBAN DARAKTA NA MUSAMMAN, SUFURI DA KULA DA INJUNA.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa nake zaune tun da na gama jami'a, ina jiran aiki ina buga masa takardu. Saboda haka na ga baiwarsa kusa da kusa, kuma zan iya ba da shaida. Samun irinsa sai an tona. Mutum ne da inji ba ya iya ɓoye masa sirri. Wasu sai sun buɗe bonet, sun ɓata hannu da mai, sun kwanta a ƙasa kamar marasa galihu. Kawu tsayawa yake daga nesa, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya a yi shiru. Bayan minti guda sai ya faɗi ciwon. Idan bakanike ya buɗe ya tarar da wani ciwo daban, to wannan na biyu ne, na farkon ya ɓuya.

Ilimin nan ba daga sama ya faɗo ba. Shekara ashirin da suka wuce an tura shi wani taron bita na kwana huɗu a kan kula da motocin ofis. Takardar shaidar tana falo, a saman talabijin, firam ɗinta ya fi na hoton aurensu girma. A ofis ana kiransa Likitan Ƙarfe idan yana wurin, Kunnen Zinare idan ya juya baya, shi kuma duka biyun yana so. Sashen da yake shugabanta yana da motoci biyar. Uku suna kan bulo a bayan ofis, kaji na ƙwai a cikinsu, amma kowace tana da fayil, kuma babu fayil ɗin da ya taɓa yin latti.

A gida ma mun amfana. Fankar falo ta taɓa yin ƙara, Kawu ya duba ta. Yanzu ba ta ƙara, tana juyi cikin natsuwa, sai dai sama take kai iskar, silin ne ke shan sanyi. Anti, matarsa, ta daɗe da koyon darasi. Idan wani abu ya lalace a kicin ɓoye shi take a ƙarƙashin gado sai mai gyara ya zo.

Ƙarin girma ne ya zo da motar. Baƙa ce, doguwa, mai turbo. Kafin ta kwana biyu a gidan babu wanda bai san mene ne turbo ba, har mai kawo mana ruwa. Kawu ya tara mu a gareji ya yi bayani, hannu a baya.

“Inji kamar mutum yake, da numfashi yake rayuwa. Motocin talakawa shaƙar iska suke yadda ta samu. Wannan kuwa tana da hadimi na musamman wanda yake danno mata iska da ƙarfi, ta wuce ta wani akwati a gaba ta huce, sannan ta shiga inji. Shi ya sa idan aka taɓa totur take tashi. Wannan ilimi ne mai zurfi, ban sa ran ku gane shi yau ba.”

Abin mamaki, duk abin da ya faɗa daidai ne. Na duba daga baya. A littafin motar yake, shafi na goma sha ɗaya, kuma nan karatun Kawu ya tsaya, don a nan aka naɗe kusurwar takardar.

Mota irin wannan ba ta tafiya ba suna. Da wa za a san ana gaisawa? Sai aka sa maƙeri ya zana allon tagulla, aka kawo shi a naɗe cikin ƙyalle tare da gajerun notina huɗu a leda. Ranar ɗaurawa Kawu ya gayyato mutum biyu daga ofis, Sakatare da Mai Sito, su zama shaida. Ya fito da akwatin kayan aikinsa, wanda har yau sifanonin ciki ba su rabu da ledar kanti ba. Ya sa farar safar hannu. Ya zazzage notinan a tafinsa, ya dube su kamar an kawo masa cin mutunci.

“Gajeren noti na gajeren muƙami ne,” in ji shi.

Ya miƙa wa Anti su ta zubar. Ya tona akwati ya zaɓo wasu masu tsini, uku matsakaita, na huɗun kuwa ya fi ɗan yatsana tsawo. Ukun suka shiga ragar gaban motar salin alin. Na huɗun, na kusurwar hagu ta ƙasa, ya shiga rabi ya cije. Baba Direba, wanda ke riƙe da allon, ya ce a hankali kamar ya taɓo wani abu a ciki, ranka ya daɗe. Kawu ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibi mai ƙoƙari amma ba basira. Ya ce ƙarfe ne ke gaisawa da ƙarfe. Ya sa na'urar huda ya danna da nauyin jikinsa duka, notin ya shige har wuya. Aka tafa. Mai Sito ya ɗauki hoto. Nan take Kawu ya kafa doka: daga yau babu hannun da zai taɓa allon nan sai da tsumman gogewa.

Washegari motar ta fara fito. Idan Baba Direba ya taka totur sai a ji wani siririn sauti daga gaba, fiii, kamar butar shayi ta tafasa. Da wani maigidan ne, da ya tsorata. Kawu kuwa sauke gilashi ya riƙa yi don baƙi su ji da kyau. Ya ce wannan muryar turbo ce, ba kowace mota ake ji ba sai mai cikakkiyar lafiya. Har ya ɗauki sautin a waya ya tura wa abokansa.

Muryar na ƙaruwa, gudun na raguwa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba a cika ganewa ba. Amma tsakanin gidanmu da ofis akwai wata gadar sama mai doguwar hawa, a nan asiri ya fara tonuwa. Baba Direba zai taka har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, motar ta yi fito, ta saki baƙin hayaƙi ta salansa, sannan ta hau gadar kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ranar Litinin tankar ruwa ta wuce su. Kawu ya ce tankar ba komai a cikinta, ko da yake ruwa na zuba ta bayanta. Ranar Laraba abin da ba a yafewa ya faru. Mai Sito, a cikin tsohuwar motarsa wadda ake ɗaure ƙofarta da igiya, ya zo daidai gilashin Kawu, ya rage gudu don ladabi, ya rusuna da kai ya gaishe shi, ya jira, ya ga ba a da niyyar wucewa, sai ya ba da haƙuri da hannu ya yi gaba.

Da yammar ranar aka buɗe bincike a teburin cin abinci. Ni ce mai rubutu.

Wanda aka fara tuhuma shi ne mai. Kawu ya shinshina murfin tanki ya tabbatar an gauraya shi. Aka zuƙe tankin tas, aka canza filtar mai, aka sauya gidan mai. Motar ta ci gaba da fito. Sai aka koma kan filtar iska, wadda ko wata biyu ba ta yi ba. Kawu ya ɗaga ta a rana ya ga ƙurar da ido irin namu ba ya gani. Aka sa sabuwa. Daga nan tuhuma ta faɗa kan nauyi. Aka fitar da tabarma, lema da kujerar naɗewa daga but. Ƙanwar Anti, wadda Allah ya yi wa jiki, ta zo ziyara aka ce ta bi tasi saboda dalilai na fasaha. Har yau ba ta sake zuwa ba.

Da abin ya ƙi, Kawu ya amince a kai motar gareji, don bakanikai su ma su ƙaru. A na farko aka tada ta a tsaye, ta yi lumui, babu fito babu hayaƙi, domin turbo ba ya danno iska sosai sai mota na jan nauyi. Bakaniken ya ce bari ya cire ragar gaba ya leƙa. Cire raga kuwa sai an kwance allo. Kawu ya ce a rufe bonet, sun tafi. A na biyun akwai kwamfuta. Aka jona ta, ta ce iskar da ke isa inji ba ta kai yadda ya kamata ba. Mai kwamfutar ya ce ko dai turbo ne ya gaji, ko kuma iskar na zurarewa a wani wuri a hanya, sai an bi bututun ɗaya bayan ɗaya har zuwa akwatin gaba. Ya kai hannu wajen allon. Kawu ya buge hannun da makullin mota.

Rabin farko na maganar kawai Kawu ya ɗauko ya dawo da shi gida. Turbo ya gaji. To wa ya gajiyar da shi? Sabuwar mota ba ta gajiya da kanta. A duniyar nan ƙafa ɗaya ce ke taka totur ɗin.

“Matsalar ƙafa ce,” ya sanar da mu. “Ƙafar mutumin nan ta saba da motocin da, waɗanda ake taka su kamar ana kashe kunama. Turbo abu ne mai ilimi. Lallashinsa ake, ana shawara da shi. Na yi nazari, na gano ya kashe min turbo da jahilcin ƙafa.”

Kawu mai adalci ne, bai yanke hukunci ba sai da ya ba da damar gyara. Kwana uku a jere ana zaunar da Baba Direba a falo, a ajiye masa filon kujera a ƙasa a matsayin totur, Kawu na tsaye da rula yana auna yadda dunduniya ke sauka. Kawu dai bai taɓa tuƙi ba. Yana da lasisi, yana sabunta shi a kan lokaci, amma ya ce mai kula da injuna bai kamata ya raba hankalinsa da sitiyari ba. Baba Direba ya taka filo da ladabi, ya saki da ladabi. Rana ta huɗu motar ta hau gada, mai keke ya wuce ta.

A ranar Kawu ya kira ni ya ce in buga takardar sallama.

Shekara goma sha tara Baba Direba ya yi a gidan nan. Shi ya koya wa 'ya'yan Kawu uku tuƙi. Shi ya kai ni jami'a ranar farko, ya ɗauki akwatina har hawa na uku, da ya ga ina shirin kuka ya ce in duba tayar can ta baya kamar ta yi ƙasa, don in sami abin kallo. Gashinsa ya yi fari, idonsa ɗaya ya fara son tabarau. Autarsa na shekarar ƙarshe a makarantar jinya. Wanda aka sallama a wannan shekaru da takardar da ta ce ya kashe injin maigida, babu mai sake miƙa masa makulli.

Na same shi a gareji yana goge allon. Na nuna masa ɗigon man da yatsa. Ya dube shi, ya dube ni.

“Na sani, 'yata. Tun ranar na ji shigarsa a hannuna. Na faɗa sau ɗaya.”

Na ce ya sake faɗa mana. Ya yi dariya kaɗan, ya ce idan ya ce ƙafarsa ce, aikinsa ya tafi, idan ya ce hannun maigida ne, aikinsa ya tafi har da zagi. Gara ya tafi da mutuncinsa. Ya ninke tsummansa ya sa a aljihu.

Ni ba mai magana ba ce. A jami'a shekara huɗu na yi ban ɗaga hannu a aji ba. Abin da na iya shi ne buga takarda, sai na buga ta da kuskure. Kawu yana alfahari da idonsa a kan rubutu, ya kama ɗaya, ya mayar min. Na gyara wannan na saka wani. Haka muka yi kwana uku, har ya fara tausaya wa jami'o'in zamani. Amma kuskure ma yana ƙarewa. Ranar Juma'a ya sa hannu, ya ce a saka a fayil. Gobe Asabar za a je gareji na uku, inda za a tabbatar da bincikensa a gaban shaidu, a miƙa takardar a wurin, kada wani ya ce an yi zalunci.

Garejin na bayan kasuwar katako ne, rumfar kwano da rami ɗaya. Mai shi wani dattijo ne siriri da ake kira Mai Gareji kawai, mutumin da ke amsa gaisuwa da kai. Muka isa da hantsi: Kawu da Anti a baya, ni a gaba rungume da fayil, Baba Direba a sitiyari. Sakatare da Mai Sito suka biyo mu a motar igiya, suna ta taka birki kada su wuce mu.

Kawu ya fito ya gyara hula. Ya zaro wata ambulan da aka liƙe da gam, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

“A cikin nan na rubuta ciwon motar nan da wanda ya jawo shi. Ban zo neman sani ba. Na zo ne in ba wannan bawan Allah dama ya gwada kansa. Idan ya gama, za a buɗe, a ga tazarar da ke tsakanin mai ilimi da mai sifana.”

Mai Gareji ya gyaɗa kai. Ya ce Baba Direba ya zaga da shi. Suka tafi, suka dawo bayan minti goma. Bai tambayi kowa komai ba. Ya buɗe bonet, ya girgiza turbo da yatsa, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Kawu ya yi wa shaidu murmushi, irin na a yi masa uzuri. Mai Gareji ya kwance bututun da ke fitowa daga turbo, ya toshe bakinsa da wani murfi mai ɗan hanci, ya toshe ɗaya ƙarshen, ya jona tiyon injin ba taya iska. Ya ce tunda motar ba ta nuna halinta a tsaye, zai cika mata hanyar iskar da kansa a ji inda take fita.

Ya buɗe iska kaɗan. Sai ga fiton nan, fiii, inji a kashe, babu ƙafar kowa a kan totur.

Sakatare ya dubi ƙafafun Baba Direba, waɗanda ke tsaye a ƙasa cikin takalmin roba. Mai Gareji ya bi sautin da kunne, ya zagayo gaba, ya durƙusa daidai allon. Ya ce a ba shi izini ya kwance wannan.

“Allo ba ya cikin inji,” in ji Kawu. “Na ga kun haɗa baki ku bakanikai, kowa idonsa a kan tagullata. Wannan sautin ragowar numfashin turbo ne da aka kashe. Bincike ya ƙare. Ke, kawo fayil.”

Mai Gareji ya ɗaga kafaɗa ya miƙe. Mota ba tasa ba, direba ba ɗan'uwansa ba. Iskar dai bai rufe ta ba. Baba Direba ya ciro makullin daga aljihu ya riƙe a hannu, ya shirya miƙawa. Na taho da fayil ɗin. Da na zo gaban motar na tsaya. Muryata ta fito ƙarama, sai da na maimaita.

“Kawu, mai yana ɓata maka allo. Ga shi nan ya kusa taɓa rubutun.”

Da cewa na yi inji zai kama da wuta, da ya ce in bar abin da ban sani ba. Amma allo ne. Ya sunkuya da sauri har hularsa ta zame. Ɗigon yana nan, iskar da aka danna ta turo shi ya yi jela, ya miƙe ya nufi SUFURI. Kawu ya ce a kawo ruwa da sabulu yanzun nan. Mai Gareji ya dube ni, karo na farko tun zuwanmu. Ya shiga rumfa ya fito da bokitin ruwan sabulu mai kauri, wanda na lura tun ɗazu yake ajiye kusa da injin iska. Ya kwara a kan allon, ya ƙara kwarawa ta bayansa.

Kumfa ta fara tashi daga kan notin kusurwar hagu. Da farko ƙanana, suna fitowa a jere. Sai suka haɗu suka yi tudu, suka leƙo ta bayan allon, ta sama, ta gefe. Wata babba ta kumbura a hankali, ta rufe NA MUSAMMAN gaba ɗaya, ta yi ƙyalli a rana, ta fashe. Wata ta maye gurbinta. Muka tsaya mu bakwai muna kallon muƙamin Kawu yana tafasa.

Wannan karon Mai Gareji bai nemi izini ba. Ya sa sukundireba ya warware notina uku, ya jera su a kan bonet. Na huɗun ya daɗe yana fitowa. Da ya fito, tsininsa baƙi ƙirin da mai, ya ajiye shi kusa da 'yan'uwansa, ya fi su tsawo ninki biyu. Ya cire ragar, ya nuna mana akwatin sanyaya iskar da ke bayanta, da hudar da ke jikinsa, wadda ta tsage ta yi baki. Ya ce turbo na aikinsa, yana danno iska, iskar na zuwa nan ta fice. Inji na samun mai ba ya samun numfashi, shi ne hayaƙin, shi ne rashin ƙarfin. Man kuwa ɗan tururin da ke bin iskar ne yake biyo noti. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a ranar. Sannan ya ɗaga notin ya yi tambaya, ba da wata manufa ba, irin ta mai sana'a.

“Wane ne ya ɗaura wannan?”

Sakatare ya gano igiyar takalminsa na bukatar ɗauri. Mai Sito, wanda hoton ke cikin wayarsa, ya tura wayar can ƙasan aljihu. Anti ta ɗaga kai tana nazarin kwanon rumfa, kafaɗunta na rawa. Baba Direba ya dubi makullin da ke hannunsa. 

A nan ne girman Kawu ya bayyana. Da ƙaramin mutum ne, da ya daburce. Kawu ya miƙe, ya karɓi hularsa daga hannun Sakatare, ya zura ambulan ɗin nan a aljihun ciki, ya yi gyaran murya.

“Madalla. Kamar yadda na daɗe ina zargi, iska ce ke zurarewa. Gareji biyu sun faɗi wannan jarrabawa, kai ka ci, ko da yake ka ɗauki lokaci. Batun wanda ya ɗaura kuwa, wannan lamari ne na cikin gida, za a kafa kwamiti.”

Mai Sito ya tambaya cikin ladabi ko za a buɗe ambulan ɗin. Kawu ya ce ba a buɗe sirrin ofis a bayan kasuwa. Notin dai na nan a hannun Mai Gareji, a sama, kowa na ganinsa. Kawu ya karɓe shi da sauri ya ce hujja ce, dole a adana. Ya waiga neman abin naɗewa. Na buɗe fayil, takarda ɗaya ce a ciki. Ya fizge ta, ya dunƙule notin a ciki, baƙin mai ya ratsa ta daidai inda ya sa hannu jiya. Ya dubi takardar, na ga ya gane ta. Ya ƙara murɗe ta sosai ya cusa a aljihu tare da ambulan.

“Wannan takarda cike take da kurakurai,” ya ce da ni. “Ba za ta fita da sunana ba.”

Kafin la'asar an liƙe hudar an mayar da raga. Allon aka sa a but. A hanyar gida, da muka iso gindin gadar, Baba Direba ya taka totur yadda ya saba takawa shekara goma sha tara. Motar ta yunƙura ta manna mu da kujeru. Babu fito, babu hayaƙi. Muka wuce tanka, muka wuce bas, motar igiya ta zama ɗigo a madubi. Kawu ya damƙe mariƙin saman ƙofa da hannu biyu yana cewa a hankali, a hankali. Da muka sauka ya saki, ya gyara riga, ya leƙo ta tsakanin kujeru.

“Ka ga amfanin darasin filon nan?”

“Na gani, ranka ya daɗe,” in ji Baba Direba.

Da muka isa gida Anti ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, muna jiyo dariyarta. Baba Direba ya rataye makullin a ƙusar da ya saba ratayewa, ya ce sai Litinin. Ni kuma na shiga kicin ɗiban ruwa, na tarar da Kawu a can, wurin da bai taɓa shiga ba. Ya jawo durowar da Anti ke tara ashana da tsofaffin makullai da murafen kwalba, ya sa tabarau, yana tonawa da yatsa ɗaya. Ya sami gajerun notinan guda uku ya jera su a kan kanta, yana neman na huɗun.